Agbada zan ɗinka ko babbar riga?

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum. Abokin aikina Bayarabe zai aurar da 'yarsa a Ibadan, ya aiko mini da anko, farar shadda yadi 10. Telana a kasuwar Wunti, nan Bauchi, ya ce in zaɓa, agbada ko babbar riga. Ba na so in fita daban a cikin jama'a, kuma ba na son rigar da daga bikin sai ƙasan akwati. Masu sani ku taimaka.

Tela Kobi: Wa alaikumus salam. Babbar rigarmu ta fi tsawo da faɗi, kuma aikinta a gefen hagu yake taruwa, kan aljihu, ya bi wuya ya zagaya baya. Nan ake zuba adon aska biyu ko aska takwas. Agbadar da samari ke yayi yanzu gajera ce, aikin inji a tsakiyar ƙirji. Yadi 10 zai fitar da riga da 'yar ciki da wando, in dai ba ƙato ba ne kai. Aikin hannu kam ka manta da shi idan bikin ya matso, watanni yake ci.

Baban Tunde: Ni Bayarabe ne, a Yalwa aka haife ni. Yayana, ɗinka babbar rigarka. A bikinmu launi ake dubawa, yanka ba ya damun kowa. Kayan huɗu ne: agbada, buba ('yar ciki), sokoto (wando), sai fila, wato hula, wadda sau da yawa tare da ankon ake rabawa. Ka tambayi abokin aikinka hular, ita ce za ta sa ka saje. Ango da iyaye su ne ke sa aso oke, saƙar hannu irin ta garin Iseyin a jihar Oyo. Akwai etu mai baƙin shuni, akwai alaari ja, akwai sanyan, wanda zarensa irin na rigar tsamiya ne da kakanninku ke sawa. Aso oke yana da nauyi sosai, ga zafi, amma a ganina babu abin da ya kai shi kwarjini.

Malam na Gwallaga: Ɗana, da babbar riga Tafawa Balewa ya tsaya a Legas ranar samun 'yanci a 1960. Abin da ke damuna, yaran yanzu ba su iya ɗauke hannun riga ba. Tattaro shi ake yi a aza a kafaɗa, kada ka bari yana sharar ƙasa. Kuma shadda bugu take so, kada ka bari a ƙona ta da dutsen guga.

Ɗan Wunti: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babbar riga zan yi. Tela Kobi, zare fari za a sa ko ruwan toka?