Waɗanda suka taɓa ganin Ferrari ido da ido, wai me ya bambanta ta da sauran motoci?

Ɗan Kwari:
Salam jama'a. Musu muke a majalisa, ni na ce tsada ce kawai ta sa ake zuzuta Ferrari, tunda akwai motocin da suka kai ta gudu kuma kuɗinsu bai kai rabin nata ba. Wanda ya taɓa shiga ko ya gani da idonsa ya ba mu labari don Allah, banda na ji an ce.

Baban Ummi:
Wa'alaikumussalam Alhaji. Ni a kamfanin tayil nake aiki a Sassuolo nan Italiya, Maranello inda ake ƙera ta maƙwabtanmu ne. Wallahi tun kafin ka ga motar kunnenka ya gaya maka, in suna gwaji a filin Fiorano ƙarar injin tana ratsa unguwa, kuma duk ranar da suka ci tseren Formula 1 sai an kaɗa ƙararrawar cocin garin, tsofaffi da yara kowa da jar riga. Tun 1947 suke fitar da mota a ɗan garin nan. A 2023 gaba ɗaya mota 13,663 suka sayar, Toyota kuwa sama da miliyan 10 take sayarwa a shekara, kuma ba wai masu saye suka rasa ba, da gangan suke ƙin yawaita ta.

Abu Sadik:
Gaskiya ne baba. Ina tuƙa wani balarabe a Dubai, ranar da ya yi odar tasa ina tare da shi, ya zauna yana zaɓen kalar fata da zaren ɗinkin kujera kamar mai zaɓen shadda, sannan ya koma gida ya yi jiran fiye da shekara yana ta murna abinsa. Shi ya ce min manyan irin LaFerrari da aka yi guda 499 kuɗi kaɗai ba ya saye, kamfanin ne ke duba tsofaffin kwastomominsa ya kira wanda yake so. Attajirin da ya saba komi ya nuna a miƙo masa, yau an ce ya bi layi, to nan fa abin yake shiga ransa.

Oga Makanike:
Ni ban yarda ƙaranci ne kawai ba. Porsche sun sayar da mota sama da dubu 300 a 2023, amma na taɓa sa hannu a motarsu ƙirar 911 a garejin ogana a Abuja, injin a baya, wajen tayarwa a hagun sitiyari, siffar nan tun shekarun 1960 ba su yar da ita ba. Kana kwance ƙusa kana ganin an yi tunani a kan kowace ɗaya, har yau ban manta aikin nan ba.

Maman Hanif:
Ni dai ta wasa na shiga, Formula Rossa, jirgin wasa mai gudu a kan dogo a wurin shaƙatawa na Ferrari World da ke Abu Dhabi, kilomita 240 a awa, salati na dinga yi har muka tsaya. Ɗana ko keke bai gama iyawa ba amma sai da ya sa na saya masa hula mai dokin nan na tambarin Ferrari.

Ɗan Kwari:
Na ji, na rage musu. Amma Oga, da ƙasan nan nata ya ake tsallake tudun rage gudu a titinmu?

Oga Makanike:
A karkace Alhaji, a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma suna da maɓallin da ke ɗaga gaban motar kaɗan.