Inji ya ƙi ba da wuta: daga ina ake fara bincike?

Tambaya daga Maiwurno: Salamu alaikum. Injin kwale-kwalena ya ƙi tashi. Tsohon Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 40, silinda biyu, na jan igiya. Mai yana isa kabureta, filogi yana fitowa a jiƙe, amma ko tari ba ya yi. An ce min CDI ne, wato akwatin da ke sakin wuta zuwa filogi. Kafin in sayi sabo, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Usta daga Kosti: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. CDI shi ake zargi a ƙarshe, bayan an wanke sauran. Fara da maɓallin kashewa, wanda ake maƙala wa jar igiyar nan da direba ke ɗaurawa a jikinsa. Aikinsa shi ne tura wutar zuwa jikin inji. Idan ruwa ya shiga cikinsa ko ya yi tsatsa, sai ya ci gaba da kashe injin ko da maƙalin yana wurinsa. A Yamaha farar waya ce, a Johnson da Evinrude baƙa mai ratsin rawaya. Cire ta daga mahaɗinta, ka ja igiya. In wuta ta dawo, ka gano ɓarawon. Amma ka tuna, in ya tashi a haka ba ka da abin kashe shi, sai dai ka ja cok ko ka cire tiyon mai.

Daga Sinja: Usta ya faɗi gaskiya. Ni gyarana yana kan yadda ake gwada wutar. Yawanci a kan jingina filogi da jikin inji, a ga ɗan ƙyalli, a ce wuta lafiya. Wannan gwajin yana ruɗi. A cikin silinda akwai matsi, kuma wutar da ta tsallake ƙaramin gibi a fili tana iya kasawa a can ciki. A samu magwajin wuta mai gibi, a buɗe shi kamar milimita 9. Lafiyayyen CDI zai tsallake da shuɗiyar wuta mai ƙara "tas". Ja-ja ko rawaya siririya, rauni ne. Kada kuma a ja igiya wayar filogi tana lilo ba ta taɓa komai, wutar za ta nemi hanya ta cikin koyil, naɗin wayar da ke ƙara wa filogi ƙarfin wuta, ta ci shi. A goge man da ya zuba kafin gwaji.

Usta daga Kosti: Sai tambaya ta biyu: silinda ɗaya ce babu wuta, ko duka biyun? In ɗaya ce kuma kowace da koyil ɗinta, musanya su. Matsala ta bi koyil, shi ne. Ta tsaya a inda take, koma baya wajen waya da CDI. In duka biyun ne, abin da suka yi tarayya a kai za a duba: maɓallin kashewa, wayar as da ake ɗaurewa da jikin inji, koyil ɗin caji da ke ƙarƙashin fulawil (faifan ƙarfe mai juyawa a saman inji), da falsa mai gaya wa CDI lokacin sakin wuta.

Daga Bur Sudan: Mu na bakin Bahar Maliya gishiri ne ke cinye mu. Baƙar wayar as inda aka ɗaure ta da jikin inji, sai ka ga farin gari ya taru ƙarƙashin kusar, daga waje kuwa kamar lafiya. A kwance, a kankare da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure, sannan a shafa giris a kai. Hular filogi ma a murɗe ta daga waya a leƙa. In bakin wayar ya yi kore, a yanke kamar santimita 1 a sake murɗawa. Hula mai rezisto tana karanta wajen om 5,000 a mitar gwajin wuta. In mita ta ƙi motsi, hular ta mutu.

Dattijo daga Damazin: Yara, ba wanda ya tambayi yaron nan ko farfela ta daki wani abu kafin injin ya mutu. Tafkin Rusairis cike yake da kututture a ƙarƙashin ruwa. In farfela ta tsaya farat ɗaya, fulawil yana da nauyi, sai ya ci gaba ya yanke ɗan makullin da ke riƙe shi da kan shaf. Wuta tana nan shuɗiya shar, amma ba a lokacinta take zuwa ba. Alamarsa, igiya ta fizge hannu ko inji ya yi atishawa ta kabureta. Makullin ba shi da tsada. A ciro fulawil da abin janyo shi mai kusoshi, ban da guduma, domin duka yana lalata maganaɗisu da zaren shaf. A goge mazaunin ya bushe, ba mai ba giris, a ɗaure goro sosai, in ba haka ba zai sake yankewa.

In kuma an buɗe an tarar da kontak (bakunan ƙarfe biyu masu buɗewa da rufewa don sakin wuta) da kwandansa, wato injin ya girmi zamanin CDI. A goge bakin kontak, a ja farar takarda a tsakani har ta fito ba baƙi. Tsofaffin Johnson da Evinrude gibinsu rabin milimita ne. Bakin da ya ƙone ya yi rami, kwandansa ce ta gaji, a canza su tare.

Daga Sinja: Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙarin bayani kan mita: ta gida tana auna om na koyil ɗin caji da falsa, a kwatanta da littafin injin. Amma koyil yana iya karanta daidai a sanyi ya yanke in ya yi zafi. Shi ya sa wani injin yake gudu minti 20 ya mutu, ya huce ya tashi. A auna shi nan take yana da zafi.

Usta daga Kosti: Game da jiƙaƙƙen filoginka, sa sababbin filogin NGK masu lambar da ke littafin, irin su B7HS. In lambar ta ƙare da 10, gibin milimita 1 ne. Haɗin mai 50 da 1, wato mililita 400 na baƙin man inji mai bugu biyu a lita 20 na fetur. Masu zuba shi da ido su ke toshe filogi da kansu. In duk waɗannan sun fita lafiya, ari CDI daga inji irin naka mai aiki, ka ɗaura ka gwada kafin ka je kasuwa.

Daga Maiwurno: Na gode, iyayena da yayyena. Na cire farar wayar, har yanzu shiru a silinda biyun. Baba, farfela ba ta daki komai ba. Gobe in sha Allahu zan kankare as, sannan in nemi abin ciro fulawil in auna koyil ɗin caji.