Wa ya taɓa hawa jirgi da goge zuwa ƙasar waje?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. An gayyaci Baba wani bikin kiɗan gargajiya a Faransa, kuma ni zan raka shi. Gogen nasa ya girme ni, ya ce ba shi zuwa ko'ina sai da shi. Daga Kano za mu tashi, mu sauya jirgi a hanya. Don Allah wanda ya taɓa fita da kayan kiɗa ya gaya mana yadda ya yi.

Kawu mai kalangu, Sabon Layi: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka yarda a auna shi cikin manyan kaya. Mun taɓa fita da wani abokina mai gurmi, ya naɗe shi da bargo ya tura cikin akwati, har da manna takardar nan mai cewa kaya masu fashewa ne. Da muka sauka ƙoƙon ya dare gida biyu. Masu lodi ba karatu suke tsayawa yi ba, jifa suke, sannan a ɗora akwatin kilo 23 a kan naka. Yawancin jirage jakar hannu ba ta wuce kilo 7 ko 8, tsawo kamar santimita 55. Ka auna gogen tun a gida, in sandar ta ɗara haka ka rubuta wa kamfanin su ba ka amsa a rubuce. Kuma ku shiga jirgi da wuri, kafin ma'ajiyar sama ta cika.

Yaya daga Daura: Ƙanena, ni abin da ya ba mu wahala bushewa ce. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta ba ya wuce kashi 20 cikin 100. Kotson mijina fatar ta ɗaure tamau kafin mu isa, muryar ta canza. Can kuma ɗakunansu akwai na'urar ɗumama ɗaki, ita ma busarwa take. Ka ce wa Baba ya sassauta tsagiyar, ya cire jakin, wato ɗan abin da ke ɗage tsagiyar daga kan fata, ya sa a aljihu, a naɗe ƙoƙon da zane mai laushi cikin akwati mai tauri. In kun isa a bar shi rufe ya kwana kafin a ɗaure shi.

Malam daga Batagarawa: Ɗan Ƙofar Marusa, tambayi Baba da fatar mece ce aka rufe gogen. In ta guza ce, kamar yadda aka saba, to ka zauna ka karanta wannan da kyau. Akwai yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji, Najeriya da Faransa duk suna ciki, kuma guza yana jeri na biyu na dabbobin da ake sa wa ido. Fitar da fatarsa daga ƙasa zuwa ƙasa na iya buƙatar takardar izini ko da tana jikin goge. A nan Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke bayarwa, a Abuja. Tun 2013 aka fito da takarda ta musamman don kayan kiɗan da ake yawo da su, tana aiki shekara uku. Na raka wasu makaɗa Jamus, jami'in kwastan ya juya gogen yana kallon zanen fatar, ya kira wani, muka yi zaman jira har motar da ta zo ɗaukar mu ta gaji. Wasiƙar gayyata da hotunan wasa suka cece mu, kuma ba na ce kullum za su ceci mutum ba. In suka riƙe, ba kuɗi ne zai fito da shi ba.

Mai garaya, Ƙofar Ƙaura: Malam, Allah ya gafarta, ni fa na wuce ba wanda ya ce mini kanzil.

Malam daga Batagarawa: Sa'a ka taka, Alhaji. Wanda ya duba ka bai san fata ba. A Ostireliya kuwa ko fatar akuya ce sai ka bayyana ta, in ɗanya ce mara jima za su iya cewa sai an kashe ƙwayoyin cutar jikinta, kuma kai za ka biya.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na tambaye shi Malam, ta guza ce. Na kawo shawarar a haɗa wani da fatar akuya don tafiya, ya yi mini kallon da ban ƙara magana ba.

Kawu mai kalangu: Ai ya fi ka gaskiya ɗana, muryar ba ɗaya ba ce. Amma ku haɗa ɗin, ku tafi da biyu in takarda ta fito. In ba ta fito ba, sabon ya tafi, tsohon ya jira a gida. Ni zan yi masa magana, tare muka taso.

Mabushi daga Daura: Namu da sauƙi, kakaki rarraba shi ake yi. Sai dai a na'urar binciken kaya bututun ƙarfe suke gani, nan da nan a ce ka koma gefe. A wani filin jirgi sai da na haɗa shi na busa, mutane suka waiwayo gaba ɗaya, jami'ar tana dariya ta ce in wuce. Wani abu kuma: tsohon kaya kwastan ɗinmu kan ɗauke shi a kayan tarihi. Ka leƙa gidan tarihi na Katsina, ka tambayi yadda ake samun takardar hukumar gidajen tarihi mai nuna ba kayan tarihi ba ne.

Yaya daga Daura: Na manta, in Allah ya kiyaye wani abu ya fashe a manyan kaya, kada ku bar filin jirgin sai an cike muku takardar rahoton ɓarna. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama kwana bakwai kacal ta bayar a kai ƙorafi a rubuce, kuma diyyar tana da iyaka. Mu da muka je gida tukuna muka buɗe, cewa aka yi a ina shaida. Ka ɗauki hoton gogen ta kowane gefe a gaban teburin awo, yadda tambarin jirgin zai fito a hoton.