Ƙanena ya samu aikin tuƙin jirgin fasinja, wane horo ke gabansa?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama makarantar tuƙin jirgi ta Zariya, yana da lasisi da awa 200 da 'yan kai a sama. Yanzu wani kamfani ya ɗauke shi, sun ce sai ya yi horo a kan Boeing 737. Mu a gida mun ɗauka karatu ya ƙare. Don Allah masana, wane irin horo ne kuma, wata nawa yake ci, a ina aka fi faɗuwa?

Kyaftin Na Gwandu:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Malam, lasisin da ke hannunsa na ƙaramin jirgin koyo ne. Kowane babban jirgi yana da shedarsa daban, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ce ke buga ta a lasisi bayan an ci gwaji.

Da aji za a fara, sati uku zuwa huɗu. Dokokin kamfani tukuna, sannan kayan cikin jirgin ɗaya bayan ɗaya: lantarki, mai, injin, matsin iskar cikin jirgi, haidurolik (ruwan matsi da ke motsa sassan jirgi). A 737 haidurolik uku ne, A da B da na ko-ta-kwana, kuma dole ya san abin da zai rasa in ɗaya ya tsiyaye. A tsakani za a koya masa kashe gobara, sa hular hayaƙi, fitar da fasinja, da kaya masu haɗari irin su batirin lithiyom. Makin cin jarrabawa yakan kama 75 ko 80 cikin 100.

Daga nan sai simuleta, wato ɗakin matuƙi na kwaikwayo. Akwai mara motsi na koyon bin maɓallai, akwai mai motsi da ke kan ƙafafu shida. Kowane zama awa huɗu ne, ban da bayanin da malami ke yi kafin shiga da bayan fita. Ɗalibai biyu ake haɗawa, ɗaya ya tuƙa awa biyu ɗayan na lura da karanta takarda, sai su sauya. Sau da yawa ƙasar waje ake zuwa, kuma sabbi su ake bar wa lokacin tsakar dare.

In ya ci gwaji, zai ɗauki jirgin gaske ba fasinja, ya yi ta tashi da sauka, yawanci sau shida. Bayan haka ne zai fara ɗaukar fasinja tare da kyaftin mai horarwa, da matuƙi na uku a kujerar baya a tafiye-tafiyen farko. Duka-duka a sa ran wata uku zuwa shida, don jiran layin simuleta kaɗai yana cin makonni.

Malamin Simuleta:
Kyaftin ya shimfiɗa hanya, bari in taɓa wurin faɗuwa. Babban abin da ke kayar da sabo shi ne jirgin ya riga shi. Ƙaramin jirgi yana sauka da gudun not (ma'aunin gudun jirgi) 65 ko 70, wannan kuwa wajen 140. Wanda bai haddace jerin maɓallai da kalmomin da matuƙa ke kira wa juna ba, hankalinsa na can yana neman maɓalli, ƙasa ta taso.

Darasin da ya fi fitar da gumi shi ne mutuwar injin daidai V1, gudun da in an wuce shi babu sauran tsayawa, sai tashi. Hancin jirgi zai karkata ɓangaren injin da ya mutu. Da ƙafa ake gyarawa, amma sabo hannu yake fara kaiwa, ko ya fizgi hanci sama da sauri maimakon digiri biyu zuwa uku a daƙiƙa. Ba a taɓa komai na injin sai an kai tsayin ƙafa 400 daga ƙasa, kuma ba a kashe shi sai mutum biyun sun tabbatar da wane ne. A Kegworth ta Ingila, a 1989, matuƙan wani 737 sun kashe mai lafiyar suka bar mai matsalar, mutum 47 suka rasu.

Akwai matakan da ba a buɗe littafi a kansu. In matsin iska ya zube a ƙafa 35,000, abin da ya rage wa mutum na hayyaci bai wuce minti ɗaya ba. Takunkumin iska ya fara hawa fuska, sannan magana, sannan gangarowa ƙafa 10,000.

'Yar Gusau a Sama:
Malam, ina tare da kai a kan hadda, amma a ja masa kunne: kada ya haddace abin da ya kwaso a intanet. Kamfani biyu na iya tuƙa jirgi iri ɗaya da tsari daban, kuma kankare haddar da ba daidai ba ya fi sabuwar hadda wuya. Ya jira littattafan kamfaninsa, ya manna hoton ɗakin matuƙi a bango, ya zauna da abokin zamansa na simuleta suna maimaitawa da baki da hannu.

Abin da ya fi damuna ga yaranmu shi ne kunya. An tarbiyyantar da mu ba ma katse babba, to a can ana ba da maki ne a kan katsewar. In an sauko ƙafa 1,000 cikin hazo gudu bai daidaita ba, dole ya buɗe baki ya ce a fasa sauka, ko da kyaftin ya yi jika da shi. Malamai kan yi kuskure da gangan don su ga ko zai yi shiru. Mu da muka san hazon hunturu a Birnin Kebbi da Sakkwato mun san wannan ba darasin allo ba ne.

Yaya, ku kuma ku karanta takardar yarjejeniya kafin ya sa hannu. Kuɗin horon da dala ake lissafa shi, kuma kamfanin da ya biya yakan ɗaure mutum da aikin wasu shekaru, in ya tafi ya biya ragowar.

Ɗan Argungu:
Allah ya saka da alheri. To in ya faɗi gwajin simuleta, korarsa za a yi?

Kyaftin Na Gwandu:
Ba a karon farko ba galibi. Akan ƙara masa zama ɗaya ko biyu a kan abin da ya kasa, ya sake. Faɗuwa ta biyu ce ke kai magana gaban shugaban horarwa, a nan kuma abin da yarjejeniya ta ce shi za a bi. Ko ya ci, duk wata shida zai koma simuleta a sake gwada shi, likita kuma duk shekara.