Kafin mu biya kuɗin makarantar CHEW, me ya kamata mu duba?

Uwar ɗaliba, Gusau:
Assalamu alaikum. 'Yata ta gama sakandare da kiredit biyar, har da Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizik, kuma ta ƙwallafa rai sai ta karanta CHEW, wato kwas ɗin ma'aikatan lafiyar al'umma. An buɗe wata kwalejin lafiya ta kuɗi kusa da unguwarmu, gini tsaf, fenti sabo. Mahaifinta har ya fara maganar sayar da buhunan waken da ya ajiye. Don Allah waɗanda suka bi ta wannan hanya, yaya ake gane makarantar kirki?

Tsohuwar ɗaliba, Katsina:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada waken nan ya fita daga rumbu sai kin ga takarda da idonki. Hukumar CHPRBN da ke Abuja, mai rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, wadda aka kafa da doka a 1992, ita ke amincewa da makaranta, ita ke yi wa ɗalibi indeksin, wato ta shigar da sunansa a rajistarta ta ba shi lamba, ita ke shirya jarabawar ƙasa ta ba da lasisi. Kowace makaranta kuma akwai adadin ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka. Tamu ta ɗebi fiye da kasonta. Muna shekara ta biyu muka gane sunayen wasunmu ba su je Abuja ba, ina cikinsu. Kullum sai a ce mana ana kan magana. Shekara biyu da kuɗin mahaifina suka tafi haka, na koma wata makarantar na faro daga aji ɗaya. Har yau in na tuna fuskar Baba ranar da na faɗa masa sai ƙirjina ya yi nauyi. Ki tambaye su: ɗalibai nawa aka yarje muku, nawa kuka ɗauka bara, nawa suka samu lambar indeksin?

Mai kula da asibitin sha-ka-tafi, Jigawa:
Gaskiya ta faɗa. Ni kuma ɗaliban da ake turo mana fostin, wato koyon aiki a asibiti, nake gani, kuma a mako guda nake gane makarantar da ta koyar da su. Akwai mai zuwa ta iya auna hawan jini, ta yi gwajin maleriya na RDT, ta ɗaura tef ɗin awon tamowa na MUAC a dantsen yaro ta san ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Ta san allurar rigakafin yara ta Penta a sati 6, 10 da 14 ake yi, ta ƙyanda a wata 9, kuma firjin rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 yake zama. Akwai kuma mai zuwa da logbuk, littafin shaidar ayyukan da ta yi, cike da sa hannu, amma hannunta na rawa in ta riƙe sirinji. Ba laifinta ba ne, ba a taɓa sa ta ta yi ba. Abin da ke tayar min da hankali shi ne, gobe ita kaɗai za a bari a ƙauye da mai naƙuda cikin dare. Hajiya, ki tambayi asibitocin da suke tura ɗalibai, da ko malami na bin su can ya duba.

CHEW, Kano:
Ki ce a buɗe miki ɗakin gwaji, ba ofishin shugaba ba. A namu abin awon jini ɗaya ne ga aji guda, sai kallo daga nesa. Ki kuma tsayar da 'yan ajin ƙarshe a bakin get, su ne za su gaya miki ko malamai na shiga aji.

Malamin kwaleji, Zariya:
Ƙarin bayani kaɗan, Hajiya. Wasu za su nuna miki takardar NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna. Wannan ta shafi difloma ce, ba ta maye gurbin amincewar CHPRBN. Sannan ki tabbatar wane kwas ne: CHEW shekara 3 ne, JCHEW, wato ƙaramin matakinsa, shekara 2.

Uwar ɗaliba, Gusau:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya na je da ƙanena. Ɗakin gwajin a kulle yake, wai mai makulli ya fita. Takardar hukuma kuma an ce tana hanya. Mahaifinta ya ce a dakata da waken, ranar Litinin za mu je kwalejin gwamnati mu yi irin waɗannan tambayoyi.