An sallamo Baba da ciwon zuciya: me za mu riƙa yi a gida kada a koma gadon asibiti?

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya aka sallamo mahaifinmu daga Gee, wato asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Shekarunsa 68. Likita ya ce zuciyar ce ta yi rauni, ba ta harba jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru masa a ƙafa da ƙirji. An rubuta furosemide, lisinopril, spironolactone da carvedilol, an ce mu koma bayan mako biyu. Jiki da sauƙi alhamdulillah, amma me za mu riƙa lura da shi kullum? Gishirin da aka ce a rage kuma, har ina?

Anti Nas, Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanwata, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kafin komai ku sayi sikelin da ake hawa. Ruwan nan ba dare ɗaya yake taruwa ba, kwanaki yake ɗauka, kuma sikeli na riga ido ganinsa: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kowace safiya, bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, Baba ya hau da kaya marasa nauyi. A aje sikelin kan siminti ko tayil, ba kan darduma ba. A rubuta a littafi da kwanan wata, nauyin safiyar farko a gida shi ne ma'auni. In ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, kada ku ce sai ranar da aka rubuta a kati, ku kai shi a ranar. A wannan mataki sau da yawa gyara ƙwayar fitsari, wato furosemide, kawai likita zai yi ku dawo gida. In aka ƙara kwana huɗu ko biyar, sai allura da iskar oksijin.

Ku lura da filo nawa yake kwana a kai. Mai filo ɗaya ya koma uku, ko ya gwammace ya kwana a kujera, ruwa ne a huhu. Haka in silifa ta fara matse shi, ko tari ya dame shi da dare, ko ruku'u da sujada suna sa shi haki. Amma haki yana zaune bai yi komai ba, ciwon ƙirji, suma, ko tari mai kumfa, wannan ba na shawara ba ne: ku kira 112 ko ku tari tasi zuwa sashen gaggawa.

Abin da ya fi mayar da dattawanmu asibiti kuwa, ɓoye furosemide ne. Tana sa fitsari na kusan awa shida, alwala ba ta zama, sai tsoho ya daina sha bai gaya wa kowa ba, musamman ranar Juma'a ko in za a je jana'iza. Ya sha da sassafe bayan Asuba, kafin Azahar ƙarfinta ya ragu. Ranar fita a jinkirta ta har ya dawo, amma kada a tsallake, kada kuma a kai ta dare, barci zai gagara.

Mai Kemis, Alabar:
Sannu da jinya 'yar'uwa. Ki tattara duk tsofaffin magungunan da ke ɗakinsa a leda ɗaya, ki fitar da su, ranar komawa ki tafi da ledar. Lasix da furosemide abu ɗaya ne, mutane kan haɗa tsohon kwali da sabo su sha ninki biyu.

Diclofenac da ibuprofen, ko na ciwon gwiwa ne, ba nasa ba ne yanzu. Suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna wahalar da ƙoda. Paracetamol ya isa. Maganin gargajiya na kwalba da ake tallarsa a tasha ma a bar shi, ba a san abin da ke ciki ba.

Carvedilol da abinci ake sha, kuma ba a yanke ta farat ɗaya. Lisinopril kan kawo busasshen tari. In ya zo ku faɗa wa likita, akwai madadinta. Lisinopril da spironolactone duka suna ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, don haka ku tambayi gwajin ƙoda da fotasiyam cikin mako ɗaya zuwa biyu. In zawo ko amai ya kama shi, ku tuntuɓi asibiti a ranar kafin ya ci gaba da shan waɗannan, domin jiki a bushe da su a kai yana iya taɓa ƙoda. Zai tashi daga kwance, ya ɗan zauna bakin gado tukuna saboda jiri.

Magani ya rage na kwana 7, a je a karɓo. Ki duba katinsa na inshorar lafiya, wato NHIS, yau, ana sabunta shi ta waya da *929#.

Hajiya Mai Duba Abinci:
Ɗiyata, gishirin yini guda kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi a shafe. Wahalar ita ce ba dukansa ne daga hannunki yake shiga ba. Yana cikin dunƙulen Maggi, kifin gishiri irin su koobi da momoni, yajin shito, kifin gwangwani, garin Indomie, yajin tsire, har burodi. Ga kanwa, wadda mutane ba sa lissafawa don ba ta da ɗanɗanon gishiri, alhali sodiyam, wato sinadarin da ake gudu a gishiri, ce cike da ita. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa na masu jego da irin wannan ciwon zuciya. Waakye na bakin titi da miyar kuɓewa ko ayoyo mai kanwa, Baba ya haƙura da su.

Ba sai an ɗora tukunya biyu ba. Ki kwashe nasa kafin ki zuba gishiri da dunƙule. Ki ƙawata da albasa, tafarnuwa, citta, masoro, daddawa kaɗan da lemon tsami, kifi kuma ɗanye ko banda. Makon farko zai ce lami ne, harshe na sabawa.

Ruwa kuma, in za a taƙaita masa, ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, leda uku lita ɗaya da rabi ke nan, a lissafa har koko da shayi da sobolo da romo.

Anti Nas, Asawase:
Hajiya, da izininki, ƙarin bayani kan ruwa. Ba kowane mai wannan ciwo ake taƙaita wa ba. In likitan Baba ya faɗi adadi a bi, in bai faɗa ba a tambaye shi, kada a hana tsoho ruwa da zafin nan yana kan ƙwayar fitsari. Sannan gishirin nan na kanti da ake cewa na masu hawan jini, fotasiyam ne a ciki, bai dace da mai shan spironolactone ba.

'Yar Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Baba bai saba barin azumin Litinin da Alhamis ba, yana cewa zai ci gaba. Tafiya masallaci fa?

Anti Nas, Asawase:
Azumin nafila ya dakata har likita ya ga nauyinsa da gwajin ƙoda sun daidaita. In ba zai ji daga bakinku ba, ku sa limaminsu ya yi masa magana. Tafiya kuwa ana so, kwanciya kullum na ƙara masa rauni. Ya fara da minti 5 zuwa 10 a tsakar gida da safe ko bayan La'asar, ana ƙarawa kaɗan kaɗan, da saurin da zai iya hira yana tafe. Masallacin unguwa da rakiya, in sujada na kawo haki ya yi sallarsa a kujera. Ranar komawa asibiti ku riƙe littafin nauyin tare da ledar magungunan.