Kwamfuta ta ƙi tashi bayan na sa katin SAS, tana tsayawa a lamba 55

Almajirin Gyara:

Assalamu alaikum malamai. Ina da kwamfutar tebur mai RAM sanda biyu, kowace 8GB, katin hoto a ramin PCIe x16 na sama, faifan NVMe ɗaya wanda Windows ke kai, da fawa saflai mai wat 550. Na sa mata katin SAS x8, wato katin da ake jona ƙarin faifai a jikinsa, da aka ciro daga tsohuwar saba don ƙara faifai huɗu. Na sa shi a dogon rami na biyu. Da na kunna sai fankoki su yi ta juyawa, sikirin baƙi ƙirin, fitilar DRAM mai nuna matsalar RAM a kunne, ƙaramin allon lambobi na madabod ya tsaya a 55. Da zarar na zare katin sai ta tashi lafiya lau, RAM ɗin ya cika 16GB. Na sake zaunar da RAM, na cire batirin CMOS na mayar, duk babu canji. Katin ne ya mutu, ko wutar ce ba ta isa ba?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Cire batun wuta daga lissafi tukuna. Kati irin wannan daga ramin yake shan wutarsa, kuma abin da ƙa'idar PCIe ta yarje wa katin x8 bai wuce wat 25 ba. Ƙarancin wuta yakan bayyana ne da mutuwar kwamfuta ko sake tashi idan aiki ya yi nauyi, ba ya tsayar da ita cak a lamba ɗaya kullum.

Lambar ita ce shaidarka. A madabod mai BIOS na kamfanin AMI, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, 55 na nufin ba a ga RAM ba. To RAM ɗin da ke aiki garau sai an sa kati ya ɓace, ai ka san ba shi ne mai laifi ba, hanyar da ake bi a karanta shi ce aka tare. Kowace sandar RAM tana da ɗan ƙaramin cip mai suna SPD da ke riƙe da bayanin girmanta da saurinta. BIOS yana karanta shi ta wata siririyar hanya mai waya biyu, SMBus, a adireshi daga 0x50 zuwa 0x57. A madabod da yawa na gida wannan hanyar ce aka ja har zuwa ramukan PCIe. Wasu katunan saba kuma suna amsawa a kanta, don an ƙera su ne su riƙa ba sabar rahoto. Sai magana ta haɗu, BIOS ya tambayi RAM, kati ya tsoma baki, a rasa na ji. Wani lokaci ma ba ta ƙin tashi, rabin RAM ɗin ne kawai zai ɓata.

Maganin shi ne rufe haƙoran zinare biyu na katin da SMBus ke bi, B5 da B6. Kashe kwamfuta, zare kebul daga bango, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta zube, sannan ka zare katin. Ɓangaren B shi ne fuskar da babban cip da ƙarfen sanyaya suke. Fara ƙirga haƙoran zinaren daga gefen ƙarfen da ake ɗaure kati da shi a bayan akwati. Kafin tsagar nan akwai haƙora 11, na biyar da na shida kake nema. Tazarar kowane haƙori milimita 1 ce, saboda haka faɗin tef ɗinka milimita 2 ne kacal. Yi amfani da tef ɗin Kapton, mai ruwan zuman nan, domin siriri ne kuma yana jure zafi. Baƙin tef na masu wayarin yana da kauri, gam ɗinsa kan narke ya maƙale cikin rami, fitar da shi kuwa aiki ne ja. Ka bar ɗan saura ka lanƙwasa ta ƙarƙashin bakin katin don kada ya zame yayin turawa. A5 da A6 da zai hau kansu ta baya layukan gwajin masana'anta ne, ba su da aiki a nan. Abin kiyayewa shi ne maƙwabta: B1 zuwa B3 su ke ɗauke da bolt 12, B8 kuma 3.3. Idan tef ya hau waɗannan, ka rage wa katin hanyar wutarsa.

Almajirin Gyara:

Allah ya saka da alheri Malam. Na rufe su, 55 ta wuce, fitilar DRAM ta mutu. Amma yanzu tambarin madabod yana fitowa, sai rubutun katin SAS ɗin ya bayyana yana neman faifai, daga nan ta tsaya a B2. Sau ɗaya ta nuna D5.

Malama Injiniya:

Madalla, ka fita daga matsala ta farko ka faɗa ta biyu, kuma ba su da alaƙa da juna. B2 ita ce lokacin da BIOS ke gudanar da ƙananan manhajojin da katuna ke zuwa da su a jikinsu, waɗanda ake kira Option ROM. D5 kuwa ta fito fili ta ce wurin loda su ya ƙare. A tsohon tsarin BIOS wurin da aka ware musu 128KB ne kawai, daga C0000 zuwa DFFFF, gado ne tun zamanin kwamfutocin farko. Katin hoto shi ke fara ɗibar rabonsa, katin netwok na madabod ya ɗauka idan an bar tashi ta netwok a kunne, sai katin SAS ya zo ya tarar da saura kaɗan.

Tunda ba daga faifan SAS za ka tashi ba, ba ka buƙatar ROM ɗinsa kwata-kwata. Zare katin, shiga BIOS, ka duba CSM, wato saitin da ke ba sabon BIOS damar aiki da tsohon tsari. Idan an girka Windows ɗinka a sabon tsarin BIOS, wato UEFI, kashe CSM gaba ɗaya, shi ke nan tsofaffin ROM ba za su gudana ba. Tabbatar kafin ka taɓa: buɗe msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. Idan Legacy ya nuna, kada ka kashe, don faifan mai tsohon tsari ne, wato MBR, kuma ba zai tashi ba. A wannan hali bar CSM a kunne, ka mayar da Storage OpROM zuwa Do not launch ko UEFI only, ka kashe PXE, wato tashi ta netwok ɗin nan. Haka nan tsohon katin hoto da ba shi da tallafin UEFI, wato GOP, zai bar ka cikin duhu idan ka kashe CSM, sai ka koma share CMOS.

Windows zai ga katin ta direbansa ko da ROM ɗin bai gudana ba. Abin da ka rasa kawai shi ne shafin saitin katin na lokacin tashi.

Tunda ka shiga BIOS ɗin, kunna Above 4G Decoding. Kowane kati yana neman yankin adireshi nasa, kuma wurin da ke ƙasa da 4GB ƙanƙane ne. Idan ya cika, D4 za ka gani, ko kuma Windows ya tashi amma Device Manager ya sa wa kati Code 12.

Mai Saba:

Na yarda da Malama, sai dai ina ganin gara a bi canjin ɗaya bayan ɗaya. Idan ka juya saiti uku lokaci guda ta tashi, ba ka san wanne ya yi aiki ba, ranar da batirin CMOS ya mutu saitin ya goge sai ka dawo farko. Rubuta kowane canji a takarda.

Akwai abubuwa biyu da za su iya biyo baya. Na ɗaya, dogon rami na biyu a yawancin madabod tsawonsa ne x16, amma layukan da aka haɗa masa x4 ne, kuma sau da yawa yana raba su da wani ramin M.2, inda ake sa NVMe, ko wasu bakunan SATA. Littafin madabod yana da jadawalin wannan rabon. Idan NVMe ɗinka tana kan M.2 da ke rabon, sa katin zai iya kashe ta, ka ga fitilar BOOT ko saƙon babu faifan tashi. Sai ka mayar da ita M.2 na sama, wanda galibi kai tsaye yake zuwa firosesa. Katin x8 yana aiki a layuka huɗu ba matsala, ga faifai huɗu masu juyawa ma ya isa har da saura.

Na biyu, idan ta riƙa tsayawa tsakanin lamba 92 da 96, ko katin ya bayyana yau gobe ya ɓace, daidaita sauri ne ya gagara tsakanin tsohon kati da sabon rami. Cire saurin wannan ramin daga Auto ka kafe shi a Gen2.

Sannan ka sa masa fanka. An ƙera katunan nan ne don akwatin saba inda iska ke bugawa ba tsayawa. A akwatin gida ƙarfen sanyayarsa kan yi zafin da yatsa ba zai jure ba, daga nan faifai su fara ɓacewa ana tsakiyar kwafi. Ƙaramar fanka mai milimita 40 a ɗaure a kan ƙarfen ta wadatar.

Almajirin Gyara:

Na duba, UEFI ne. Na kashe CSM kaɗai, ban taɓa sauran ba, ta shiga Windows, RAM 16GB cif, faifai huɗun duk sun fito. Bakunan SATA biyu na ƙarshe sun daina aiki kamar yadda jadawalin littafin ya nuna, na mayar da kebul ɗin da ke can zuwa baki na biyu. Saura fankar. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi.